Ranar da Motar Baba Ta Jira Izini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Babanmu ya riga mu gidan gaskiya. Ba na jayayya da hukuncin Ubangiji, da mutane nake.

Tun da aka kai shi makwancinsa gidan bai rabu da jama'a ba. Maza a ƙofar gida har bakin titi, mata a tsakar gida tabarma na taɓa tabarma. Tsofaffin yaransa da suka yi masa sayen wake da gyaɗa a ƙauyuka sun zo, wasu a keke, wasu a bayan akori-kura. Wani dattijo daga hanyar Dukku ya tsaya a tsakiyar zaure, ya ƙi shiga ya ƙi fita, yana ta cewa, "Nan muke zama. Nan ɗin nan." Ƙawayen matar Yayanmu sun zo daga GRA da leshi da turare, suka ce Alhaji ya bar baya mai kyau, ga kamfani ga motoci. Gwaggonmu, ƙanwar Baba da ta taho daga ƙasar Katsina, ta ce musu amin, ta ci gaba da jan carbinta ba ta ƙara ko kallonsu ba.

Mutum ɗaya ne ba wanda ya yi wa gaisuwa. Kawu yana zaune can gefen garu, bayan randar masu alwala, kansa a ƙasa. Ba ƙanen Inna ba ne, iyayensa Terawa ne daga wajen Deba. Yana saurayi ya shigo gidanmu, shi ya tuƙa motar Baba ta farko, shi ya ɗauke mu a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa muke ce masa Kawu. Na ji mata suna raɗa a bayana: "Wancan ne direban. Ya bar tsohon a ƙauye tun hantsi, makulli yana aljihunsa." Yayanmu kuwa ya riga ya faɗa a gaban maza cewa da an yi sadakar bakwai Kawu zai ajiye makulli ya tashi daga ɗakin da yake ciki a gidan.

Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutu. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, duk wanda ya san ni ya sani. Amma in na yi shiru, yaranmu za su tashi suna cewa direba ne ya kashe kakansu, kuma ba za su san irin mutumin da kakan nasu yake ba.

Baba ya zo Gombe kafin Turawa su tafi, da jaki biyu da sikeli na aro. Da jirgin ƙasa ya iso garin, harka ta buɗe masa, ya zuba yara a kasuwannin ƙauye suna saya masa wake da gyaɗa da auduga. Abin da aka san shi da shi, wanda ba a yi a gidan kowane attajiri a unguwarmu, shi ne zaman fura. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci, duk yaransa sai su taru a zaure, da mai saye da mai awo da direba. Inna ta dama fura a babbar ƙwarya da nonon da wata Bafillatana ke kawo mata. Ina ƙarama ni nake kai ƙwaryar. Kafin kowa ya taɓa ludayi, sai Baba ya ce, "Wa ya zo mana da mara daɗi?"

Wanda ya zo da mugun labari shi ke fara sha. In ruwa ya taɓa buhuna, in wani ɗan kasuwa ya zo ya ɗaga farashi ya kwashe manoma, in taya ta fashe saboda sakaci, mai labarin zai miƙa hannu ya karɓi ludayi, ya sha, sannan ya faɗa. Ba a zaginsa. Akwai wani mai awo, mai son fura ƙwarai, da ya taɓa yin wuf ya ce, "Maigida, ni ne. Jakina ya kwana yana tari." Baba ya ce, "Sha, Allah ya ba jaki lafiya. Mako mai zuwa ka zo da shi ya faɗa da bakinsa." Aka yi ta dariya har Inna ta leƙo.

Shi Baba a ƙarshe yake magana. Yakan ce in ya fara, kowa bakinsa zai ara. In kowa ya gama, sai ya juye musu abin da ke cikinsa: abin da ya ji a tasha game da ƙarancin taragu, abin da mutanen kamfanonin da ke sayen kayansa suka ce kan farashin da ke tafe, kayan da ya yi alkawarin kaiwa da lokacin da ya ɗauka. Wani amininsa ɗan kasuwa ya taɓa yi masa faɗa a kan haka. Ya ce, "Alhaji, kana zazzage wa yara cikinka. Gobe su buɗe nasu su tsaya kusa da kai." Baba ya ce, "In na aiki mutum daji da baka, na riƙe kibiya a gida, me na aike shi yi?" Wasu kam sun buɗe nasu. Ya je ya sa musu albarka, ya dawo yana ɗan gunaguni a hanya, don shi ma mutum ne.

Ba ya son a tambaye shi abin da ba ya gani. Wani sabon yaronsa ya taɓa aiko ɗan aike tun daga Bajoga, wai ga wake ya fito, ya saya ko ya dakata? Baba ya ce wa ɗan aiken, "Koma ka gaya masa idona ba ya kaiwa Bajoga. Waken yana tafin hannunsa, farashin na gaya masa. Kafin ka isa ma wani ya saye." Haka yake da Kawu. Ranar da ya damƙa masa makulli ya ce, "A ƙofar gida mota tawa ce. In kun hau hanya taka ce."

Ba zan ce abin bai taɓa cin sa ba. Wata shekara yaron nan na Bajoga ya cika sito da waken da ƙwari suka riga suka huda ta ciki. Inna ta yi fushi irin wanda ban taɓa gani ba. Ta ce, "Alhaji, ka mai da dukiyarka gonar gayya, kowa ya ga dama ya sa fartanya." Baba yana wanke hannu ya ce, "Wannan asarar kin gan ta, shi ya sa kike mini faɗa. Wadda zan yi in kowa ya naɗe hannu yana jirana ba ta zuwa sito, ba za ki taɓa ganinta ba." Inna ta ce, "To dafa mana wadda ba a gani mu ci." Sun kwana biyu ba sa doguwar magana. Yaron kuwa Baba bai kore shi ba, amma bai sake ba shi wake ba, ya mai da shi wajen gyaɗa inda idonsa ya fi faɗawa. Mutum ɗaya na san Baba ya kora, wanda buhuna suka jiƙe a hannunsa ya tura su ƙarƙashin busassu, ya zo zaure ya zauna shiru ludayi ya wuce shi. Kuskure Baba yana ɗauka, ɓoyewa ce ba ya ɗauka.

Mu ma mata bai bar mu a duhu ba. Shi ya tura ni ajin yaƙi da jahilci bayan na yi aure, ya ce ba ya son 'yarsa ta riƙa jiran wani ya karanta mata abin da ya shafe ta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, Kawu kuma ya ce Uwar Maigida.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Yayanmu, babban ɗan Baba, ya dawo daga karatu a Zariya da kaifin kai da zafin nama. Ga kwangila ko'ina, ga siminti, ga sabuwar jiha ana ta gine-gine. Baba ya dawo daga Hajji ƙafa na damunsa, sai ya tara kowa a zaure ya ce daga yau ragama tana hannun ɗansa. Yaya ya buɗe ofis kusa da GRA, ya sa waya, ya ƙaro motoci, aka fara ce masa Manaja.

Ba zan zalunce shi ba. Sababbin direbobin da ya ɗauka ba irin Kawu ba ne, akwai masu kwasar fasinja a hanya su zuba a aljihunsu. Amma maimakon ya tsamo masu laifin, sai ya ɗaure kowa da igiya ɗaya. Ya ce babu motar da za ta tashi daga inda aka tura ta sai lodi ya cika, ko kuma shi ya ce. Babu mai saye da zai sayi ko tiya ɗaya sai ofis ya amince. Zaman fura kuwa ya ce ɓata lokaci ne, mai magana ya same shi a ofis. Waɗanda suka je da mara daɗi suka sha tsawa a tsaye, ba a ko ce su zauna ba. Mutane ba wawaye ba ne. Ba a jima ba duk wanda ya shiga ofis sai ya ce, "Manaja, komai lafiya lau." Shi kuma abin da ya sani yana cikinsa. Mai saye a ƙauye bai san farashin birni ba, direba bai san me ya sa aka tura shi inda aka tura shi ba. Kowa riƙe da guntun labarinsa kamar mai ɓoyon ƙosai.

A daminar da ta wuce Kawu yana lodi a wani ƙauye hayin rafi, hadari ya haɗu a gabas. Ya ga in rafin ya kawo za su kwana biyu a can da kaya a buɗe, sai ya taho da rabin lodi. Ruwan bai yi ƙarfi ba, rafin bai kawo ba. Yaya ya tara direbobi a garejin kamfani, yara sa'o'in 'ya'yan Kawu, ya karɓe makulli a gabansu. Ya ce, "Tun da kai ne Manaja, ga bokiti." Kawu ya ƙare daminar nan yana wanke motocin da yaran suke tuƙawa.

Na je wajen Baba. Na ce, "Baba, ka yi magana mana."

Ya ce, "Uwata, na ba shi. In na ba da abu da dama na karɓe da hagu, me na koya masa? Kuma gobe wa zai ji maganarsa?"

Na ce, "Kawu fa?"

Washegari ya sa aka kai shi gareji, ya sa kujera kusa da inda Kawu yake wanki, ya zauna suna hira har azahar, kowa yana gani. Ya kuma kira Yaya ɗakinsa. Inna ta ce ta ji Yaya yana cewa, "Baba, zamani ya wuce nan. Wannan kamfani ne, ba zaure ba." Baba ya ce, "Kamfani mai mutum ɗari da ido biyu." Daga nan bai ƙara ba. A wannan wurin ina fushi da Baba ma, Allah ya gafarta mini. Ya saba sakar wa mutum igiya, sai ya sakar wa wanda ya zo ya ɗaure kowa, ya kuma tsaya yana kallo don kada a ce ya karya maganarsa.

Da kaka aka mai da wa Kawu makullinsa. Baba, da zaman gida ya ishe shi, yakan shiga gaban mota ya bi shi ƙauye ranar kasuwa, ya gaisa da tsofaffin abokan cinikinsa. Haka suka tafi ranar da abin ya faru. Abin da zan faɗa daga bakin Kawu na ji shi, kuma mutanen ƙauyen da suka zo gaisuwa sun faɗi irinsa.

Da hantsi ana cikin lodin wake, Baba ya ce hannunsa na hagu ya yi nauyi, kansa yana sarawa. Aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa. Kawu ya ce, "Maigida, mu koma gida."

Baba ya dubi motar ya ce, "Lodi bai kai rabi ba. Kana son ka koma bokiti? Gajiya ce. Aika a tambayo Manaja."

Aka sami mai babur aka tura shi Gombe. Ya tarar Yaya ya tafi Bauchi wajen maganar kwangila. Akawun ofis ya ce shi ba shi da ikon cewa mota ta tashi, ya yi ta murɗa waya ba ta shiga ba. Mai babur ya koma ƙauye babu i babu a'a. Kafin nan bakin Baba ya fara karkacewa, aka miƙa masa buta don alwalar azahar ta suɓuce daga hannunsa. Sai Kawu ya sungume shi ya sa a mota, ya bar buhuna a ƙasa. Suna shigowa gari Baba ya cika, kansa a kafaɗar Kawu.

Ranar sadakar bakwai, bayan baƙi sun ragu, muka taru a ɗakin Inna inda take takaba: ni da Yaya da ƙannenmu da Gwaggo. Yaya ya sa aka kira Kawu. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

Yaya ya ce, "Kawu, ni ba zan kai ka ko'ina ba, don darajar marigayi. Amma ka ga mutum yana mutuwa, makulli a aljihunka, ka tsaya aiken mai babur? Ko yaro ya san abin da zai yi. Likita ya gaya mini tun bara cewa jininsa ya hau, ya ce duk ranar da ya ji hannu ko harshe ya yi nauyi, a garzaya da shi asibiti kada a tsaya komai."

Ban taɓa tsinka wa Yaya magana ba tun da aka haife ni.

Na ce, "Yaya, wa ka gaya wa?"

Ya ce, "Me?"

"Abin da likita ya faɗa. Wa ka gaya wa? Ka gaya wa Kawu, da yake ɗaukarsa zuwa ƙauye duk mako?"

Ya ce, "Maganar gida ce. Ba ta direba ba ce."

Inna ta ɗago kai daga cikin mayafinta. Ta ce, "Ni ma direba ce? Ni da nake zuba masa gishiri a miya safe da yamma?"

Yaya ya ce, "Inna, ban so in tayar muku da hankali ba. Shi kansa ban gaya masa duka ba. Na ce zan lura da abin da kaina."

Gwaggo ta ce, "Daga Bauchi."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mutumin nan ya taɓa yanke shawara a hanya, ka ba shi bokiti a gaban sa'o'in 'ya'yan cikinsa. Yanzu ya jira ka, ka ce me ya sa ya jira. Wanne kake so? Da ya san abin da ka sani, ko sarƙa ka ɗaure motar da ita da ya tsinka. Ka riƙe labarin, ka riƙe izinin, ka tafi da su duka biyu a aljihunka."

Yaya ya miƙe tsaye. Idonsa ya yi ja, har na zaci zai yi kuka, da kuwa na tashi na riƙe shi, don ubansa ne shi ma. Amma sai ya ce, "Na riga na yi magana a gaban mutane. Ba zan janye ba." Ya sa takalminsa ya fita.

Kawu ya ciro makullin ya ajiye a bakin tabarmar Inna. Ya ce, "Ko bai karɓa ba, Inna, ba zan iya sake zama a kujerar nan ba. Ku yafe mini."

Inna ta ce, "Ba ka yi mana komai ba."

Na ce, "Kawu, tattara kayanka. Gidana za mu, Manawashi." Maigidana yana ƙofar gida tare da sauran maza. Na aika aka kira shi soro na gaya masa abin da na yi. Ya ce, "To. Bari in je in sa a share ɗakin zaure."

Motocin kamfani suna nan suna shige da fice. Na ji an ce masu saye biyu sun ajiye aiki, kuma sai da sitonsu ya kwana a rufe kafin labari ya kai ofis. Ban yi murna ba, gumin Babanmu ne. Yaya yana zuwa gai da Inna, mukan haɗu, ina gaishe shi yadda ƙanwa take gai da wanta. Fuskata dai ba ta saku ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ta saku ba.

Allah ya ji ƙan Baba, ya yalwata masa kabari, ya sa aljanna ce makomarsa. Ya yafe masa shirun da ya yi, ya ba shi ladan mutanen da ya mai da mutane.

Kawu yana nan tare da mu, yara suna jin daɗinsa. Amma ba Kawun da na sani ba ne, wanda yake ratsa rafi da mota yana waƙa. Shekaranjiya da safe ina shara sai na gan shi tsaye a bakin soro da hularsa a hannu.

Ya ce, "Uwar Maigida, ina son in je maƙabarta in gai da Maigida. In je?"

Na ce, "Kawu, ƙafarka ce. Wa zai hana ka?"

Ya ce, "Haka ne." Bai motsa ba. Na ci gaba da shara, na kai har bakin rijiya, na waiwaya. Yana nan tsaye yana dubana, mutumin da ya goya ni ina zanen goyo. Sai da na ajiye tsintsiya na ce, "Je ka, Kawu," sannan ya sa hularsa ya fita.